Ni da hannun hagun ɗana

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son rubuta labarin nan amma duk sanda na ɗauki waya sai na ajiye, saboda akwai wuraren da ba na son tunawa kuma ni ce mai laifin a cikinsu ba wani ba. Abin da ya sa yau na daure, da safen nan wajen ƙarfe shida da rabi ina sharar ƙofar gida naga wata mata ta fito da yarinyarta da ba za ta wuce shekara 2 da rabi ba, an sa mata yunifom da safa da jakar da ta kusa kai mata ƙwauri, wallahi bacci take a tsaye ana jan ta zuwa adaidaita. Ban ce wa matar komai ba, don ni ma na yi, na yi wanda ya fi haka ma.

Ni bahaguwa aka haife ni. A gidanmu ba a ɗauki wannan ƙaramin abu ba, ina tuna ana ɗaure min hannun hagu da ɗankwali a jikina lokacin cin tuwo, to wannan ban riƙe shi a raina ba sosai tunda cin abinci da dama addini ne. Wanda ya zauna min shi ne na makaranta. Ina aji ɗaya a firamare akwai malamin da in ya ga fensir a haguna sai yace na dunƙule hannun na ɗora a kan benci, ya juya rula ta gefenta mai kaifi ya sauke min a kan gaɓoɓin yatsu. A haka na koma rubutu da dama, rubutun bai taɓa kyau ba har yau, amma na gano wani abu tun ina ƙarama, in ka haddace abin da malam ya faɗa ka mayar masa yadda ya faɗa ba a dukanka. Sai na zama gwanar hadda. Ina ɗaukar na ɗaya ko na biyu, mahaifinmu Allah ya jiƙansa yana tara takardun sakamakona a cikin wata jakar fata yana nuna wa baƙi. Da na girma ko sau ɗaya ban taɓa zama nace an zalunce ni ba, abin da nake faɗa wa mutane shi ne dukan nan ne ya sa na zama mutum.

Na yi NCE, na yi aure, na samu koyarwa a wata makarantar kuɗi a nan Kano aka ba ni ajin nazare 2, yara 'yan shekara 4 sun haura arba'in a ɗaki ɗaya. Tsarin kowa ya san shi, a zauna a benci tun takwas, a harɗe hannu, a ɗora yatsa a baki, ni ina gaba ina faɗa suna maimaitawa da ƙarfi har maƙota na ji. Wanda ya yi Hausa a aji an ce ya yi banakula, hukunci ne. Mai makarantar takan ce mana iyaye Turanci suke biya wa kuɗi, kuma in uba ya buɗe littafin ɗansa bai ga ya cika da rubutu da jan biro ba zangon gaba ba za mu ga yaron ba. Gaskiya ta faɗa, don na sha ganin uwa ta zo tana faɗa wai kwana biyu ba a ba ɗanta aikin gida ba, ɗan shekara 3. Ina da rula ta katako a kan teburina. Ba zan ce ni muguwa ce a cikin malaman ba, yaran ma suna zuwa su riƙe min hijabi suna Anti Anti, amma na yi amfani da rular nan, kuma ta gefen da aka yi min da ita.

Ɗana na fari yana shekara 2 da rabi na sa shi a makarantar, tunda 'ya'yan malamai ana rage musu kuɗi kuma ba ni da mai riƙe min shi a gida. Tun yana rarrafe na lura da hagu yake ɗaukar abu, gabana ya faɗi, nace wannan tun da wuri zan gyara shi kar ya sha wahalar da na sha. Kun ji fa yadda tunanina yake a lokacin, wai don kar ya sha wahala. Ga kuma kunyar ɗan fari, ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban mutane, in ya zo zai hau cinyata a gaban surukata sai na ture shi nace jeka can. Haka na ga ana yi haka na yi.

Yana shekara 3 ana so ya rubuta 1 zuwa 100 da A zuwa Z manya da ƙanana. Yaron da ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba. Malamar ajinsu ƙawata ce, kullum in an tashi sai ta ja ni gefe tace ɗanki fa ba ya zama, minti biyar ba ya iya yi a benci, ba ya kama komai, abin kunya ne ɗan malama ya zo na kusa da ƙarshe. Ni kuma sai na kwaso wannan kunyar na kawo ta gida. Bayan magariba na gaji ga girki ga ciki ina ɗauke da shi, zan zaunar da shi a kan tabarma da fitilar waya in babu wuta, na danna masa fensir a dama, da na juya ya mayar hagu, na buge hannun, ya yi kuka, hawaye ya jiƙa takardar, kilina ta yaga ta, na sake bugu. Wani lokacin har ƙarfe tara muna abu ɗaya.

Yana cika shekara 4 abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Fitsarin kwance da ya daina tuntuni ya dawo. Kullum da safe cikinsa na ciwo amma ban da Asabar da Lahadi, ni kuwa na ɗauki wannan a matsayin shaidar ƙarya yake. Sai in'ina. Yaron da yake da surutu kamar aku ya koma in zai ce Umma sai ya yi U-U-U ya runtse ido yana buga ƙafa a ƙasa kafin kalmar ta fito. Aka ce shafar aljanu ce, aka ce baki ne, muka karɓo rubutu da tofi, babu wanda ya kawo maganar makaranta, ni ma ban kawo ba.

Akwai daren da ba zan manta ba. Aikin gida ne na rubuta lambobi, ya juya 7 ta kalli baya har sau uku, na miƙa hannu zan ɗauko wayar caja, kafin na juyo ya ajiye fensir ya ɓoye hannun damansa a baya ya miƙo min na hagun, yana in'ina yace Umma ga shi, shi ne ba ya ji. Ba kuka yake ba, miƙo min kawai ya yi kamar hannun ba nasa ba ne, kamar wani yaro ne daban ya kamo min mai laifi. Na kalli yatsun nan ƙanana naga nawa a kan bencin aji ɗaya. Na tashi na shiga banɗaki na kunna famfo don kar a ji ni na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mahaifinmu.

Zan so nace daga ranar na canza amma ba haka aka yi ba. Na daina dukan hannun na 'yan kwanaki, aikin gida kuwa bai tsaya ba, makaranta ba ta tsaya ba, ni ma washegari na koma ajina rulata na kan tebur. Abin da dai na yi shi ne na matsa wa maigidana muka kai shi asibiti. Likitar ta sa aka duba kunnensa, ta yi masa 'yan tambayoyi, ta ba shi takarda da biro ya ɗauka da hagu ta ƙyale shi yana zane, sannan ta juyo tace min Hajiya a rana wane lokaci yaron nan yake wasa? Na buɗe baki zan ba ta amsa na fara lissafi, tashi biyar da rabi, makaranta har ƙarfe biyu, lesin, islamiyya huɗu zuwa shida, aikin gida, bacci. Ban samu inda zan sa wasan ba. Tace in'ina takan zo wa yara a wannan shekarun kuma da yawa tana wucewa, amma tsoro da matsi suna ƙara ta, a rage masa kaya, a daina gyara masa magana in yana yi, a bar shi da hannunsa.

Ba a yi wata biyu ba korona ta zo, aka rufe makarantu a watan Maris na 2020, a Afrilu aka sa dokar kulle a Kano, azumi ma a cikin kullen ya same mu. Mutane da yawa sun sha wuya a lokacin, mu ma albashina ya tsaya cak don makarantar kuɗi in babu yara babu biya, unguwarmu kuma an yi rashe-rashe na dattawa. Amma a cikin wannan ne Allah ya nuna min ɗana. Surukata tana zaune tare da mu, wata rana da hantsi ta baza wake a faifai tana tsincewa za a yi ƙosan buɗa-baki, ya zo ya tsuguna kusa da ita, ba ta ce masa komai ba ta tura masa murfin kwano ta zuba masa kaɗan. Ina daga ɗaki ina shayar da jaririya ina kallonsu ta taga. Yana ware tsakuwa gefe, mai huji gefe, mai kyau gefe, da hagunsa, harshensa ya ɗan leƙo waje, ƙuda na sauka a fuskarsa bai ma sani ba. Na duba agogon waya don mamaki, ya kusa minti hamsin bai ɗago ba. Yaron da aka ce min ba ya iya minti biyar. Da ya gama ya jera masu hujin a layi ya ƙirga su da Hausa, goma sha bakwai, daidai, ya ɗago yace Hajiya goma sha bakwai ne marasa lafiya, kuma maganar ta fito sumul babu in'ina ko ɗaya.

Da daddare na tura wa wata ƙawata da muka yi kwaleji tare saƙon murya a WhatsApp ina ba ta labari, ita tana koyarwa a Abuja kuma ta yi kwas na tsarin Montessori. Ni a lokacin abin da na sani game da kalmar nan shi ne ana rubuta ta a allon makarantu don a ƙara kuɗi, wallahi na ɗauka ma sunan wani gari ne a Turai. Tace min abin da kika gani yau a kan faifan nan shi ne gaba ɗaya abin da matar ta gina tsarinta a kai. Nace au mace ce? Daga nan muka shiga, kusan kullum bayan sahur sai ta turo min bayani ni kuma na bi da karatu da kallon bidiyo a YouTube in data ta samu.

Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, an haife ta a 1870, ta gama karatun likita a 1896 a zamanin da mace a ajin likitanci abin kallo ce. Farkon aikinta da yara masu larurar ƙwaƙwalwa ne da aka tara a gidan mahaukata a birnin Rum, ɗaki fayau babu komai a ciki, masu kula da su suna ƙorafin wai yaran in sun gama cin abinci sai su bi ƙasa suna tsintar ɓurɓushin burodi, ita kuma da ta zauna ta kalle su sai ta fahimci hannuwansu ne ke neman abin taɓawa. Wannan wurin sai da na ajiye wayar, don wake na tuna. Ta yi musu kayan koyo na taɓawa da jerawa, har wasunsu suka zauna jarrabawar gwamnati tare da yara masu lafiya suka ci, mutane suna ta yabonta ita kuwa tambayar da ta dame ta ita ce to me ake yi wa masu lafiyar a makarantu da har waɗannan suka kamo su. Ranar 6 ga Janairu 1907 ta buɗe ajinta na farko a unguwar San Lorenzo, ta kira shi Casa dei Bambini wato gidan yara. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai, unguwar talakawa ce, 'ya'yan leburori ne da iyayensu ke fita nema tun safe su bar su suna yawo suna ɓata bangon gidajen haya. Abin da aka fara don 'ya'yan talakawa shi ne a wurinmu ya koma na masu hali, ko kuma ya koma suna kawai a jikin allo, ciki kuwa benci ne da bulala irin namu.

Yadda ƙawata ta kwatanta min ajin sai na ji kamar ana zagin duk shekarun da na yi ina koyarwa. Kujeru da tebura daidai tsawon yara waɗanda za su iya ɗauka da kansu, kaya a kan kanta ƙasa-ƙasa inda hannunsu zai kai, yaro shi zai zaɓi aikin da zai yi ya shimfiɗa 'yar tabarmarsa ya yi ta maimaitawa har ya ƙoshi sannan ya mayar inda ya ɗauko, ana ba su wajen awa 3 a jere ba a katse su da ƙararrawa, 'yan shekara 3 zuwa 6 a haɗe ƙanana na kallon manya. Malama ba ta tsayawa a gaba tana ihu, za ta zauna gefen yaro ɗaya ta nuna masa abu a hankali kusan ba magana ta tashi ta ba shi wuri. Babu na ɗaya babu na ƙarshe, babu kyauta babu duka, kayan ma an yi su ne yadda in yaro ya yi kuskure shi zai gani da idonsa, kamar tubala 10 da ake ɗorawa daga babba zuwa ƙarami in ka saɓa ginin zai nuna. Kuma kafin a ba yaro fensir sai hannunsa ya yi ƙwari da zuba ruwa, da shara, da sa maɓalli, da goge tebur, sannan ya shafa haruffan da aka yanka da samfefa da yatsunsa yana faɗin sautinsu. Ni kuwa na danna wa ɗan shekara 3 fensir a hannun da ba nasa ba ina dukansa don 7 ta juya.

Ba ni da kuɗin sayen kayansu na katako, ko a ina ake sayarwa ma ban sani ba. Da aka sassauta kulle na aiki almajirin gidanmu wajen kafinta ya sayo min samfefa, na yanka haruffa na manna a kwalin taliya. Na zuba yashi a tire don rubutu da yatsa. Na tara murafen kwalaben lemo don ƙirga, na samo ƙaramar buta da moɗa biyu, na rage wa tsintsiya tsawo, na buga ƙusa ƙasa-ƙasa inda zai rataye rigarsa, na sauko da kofinsa daga saman kanta. Kayan ba su ba ni wahala ba, ni ce na ba kaina wahala. Zai ɗauki moɗa yana zuba ruwa naga zai zubar, bakina da hannuna su riga tunanina, kai! ba haka ba! kawo! Ƙawata tace in kin ji abin ya taso miki ki zauna a kan hannuwanki, kuma haka na dinga yi a zahiri, na tura tafukana ƙarƙashin cinya ina istigfari a zuci har ya gama. Sai naga in ya zubar yana tsayawa ya kalle ni yana jiran duka, da ya ga shiru sai ya je ya ɗauko tsumma.

Surukata tana kallon duk abin nan, wata rana tace min ke wannan abin da kike ta wahala a kai na Turawa ai rabinsa a makarantar allo muka taso da shi, kowa da allonsa kowa da inda ya tsaya, ba a wanke maka sai ka iya, wani ya yi kwana biyu wani ya yi sati, babba na biya wa ƙarami, wa ya taɓa cewa wane ne na ɗaya a Tabbat yada? Na yi shiru don gaskiya ta faɗa, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Nace Hajiya sai dai dorinar. Tace to dorinar kam ba ta taɓa sa wa kowa karatu a ka ba, mu dai mun sha ta ne kawai. Wannan matar da nake ture ɗana a gabanta don kunya, ashe ita ta daɗe tana jin zafin abin da nake masa tana kawaici.

Da aka buɗe makarantu wajen Oktoba nace ba zai koma ba, ni ma ba zan koma ba. Nan aka yi ta. Maigidana yace albashina ko ba yawa yana toshe wata kafa, kuma me zai ce wa mutane, matarsa malama ɗansa na gida yana wasa da yashi? 'Yan uwana suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wata yayata tace boko ya yi min yawa zan sangarta yaro. Abin da ya sauko da maigidana ba maganar Montessori ba ce, cewa na yi Abban yara, sallah da ita ce ginshiƙin addini Annabi sallallahu alaihi wasallam cewa ya yi a umarci yara da ita a shekara 7, dukan da aka ambata ma sai a 10, to mu wane dalili ne da mu na dukan ɗan shekara 3 a kan ABCD? Kuma shi da kansa ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa bai so ya katse masa wasa ba. Ya yi shiru ya daɗe, sannan yace shekara ɗaya ya ba ni, in bai ga komai ba yaro zai koma.

A cikin shekarar nan na faɗi sau ɗaya faɗuwa mai muni, kuma dole na faɗe ta don kar wata ta ɗauka abin a miƙe yake. Mun je gidanmu yawon sallah, aka tara jikoki a falo, ɗan ƙanwata da bai kai nawa ba aka ce ya tashi ya yi jihohi 36 da manyan biranensu, ya zuba su tas da Turanci aka yi ta tafi ana ba shi kuɗi. Sai wani yace to ɗan gidan malama fa? Ɗana ya ɓuya a bayana. Aka yi dariya, ba da mugunta ba, amma ni ji na yi kamar an tuɓe ni a kasuwa. Muna komawa gida ko hijabi ban cire ba na ciro tsohon littafinsa nace zauna, yau sai ka rubuta, ya ƙi, na mare shi. In'inar da ta yi wata da watanni ba mu ji ta ba washegari ta dawo, sai da ta yi kusan sati shida. A nan na gane ashe duk saurin da nake yi ba don shi nake yi ba, don falon nan ne, don a tafa a ce ɗan wance. Na same shi yana kwance na durƙusa a gaban katifarsa na kira sunansa, sunan da ban taɓa kira a fili ba, nace ka yafe min na yi maka ba daidai ba. Ban taɓa jin wata uwa a danginmu ta nemi yafiyar ɗan shekara 5 ba. Ya kalle ni kawai, sannan ya matsa ya ba ni wuri a katifar.

Da Hausa na fara masa karatu, wannan ma sai da aka yi min surutu. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara duk darussan firamare na shekara 6 da Yarbanci, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Ga shi Hausar boko yadda ake faɗa haka ake rubutawa, in yaro ya san sautin b da sautin a ya gama sanin gaɓar "ba". Yana shafa harafi yana faɗin sautinsa, wata rana ya yi sau talatin wata rana ko kallonsu ba ya yi sai shara da wanke-wanke, na koyi na ƙyale shi. Yana da shekara 6 da 'yan watanni muna cikin adaidaita a cunkoson Kofar Ruwa, wata tifa a gabanmu, naji yana ta motsa baki a hankali, can sai ya daki cinyata yace Umma! an rubuta Allah ya kiyaye hanya! Mai adaidaitan ya juyo yace ameen yaro. Babu wanda ya sa shi, babu wanda ya tambaye shi, daga ranar kuma babu buhu ko kwali ko bangon da ya tsira a unguwarmu.

Ya shiga firamare ta yau da kullum yana shekara 7, aka gwada shi aka sa shi aji 2. Zangon farko ya sha wuya da Turanci da kuma zaman benci, yana dawowa yana tambayata me ya sa sai an nemi izini kafin a sha ruwa, amma kafin shekara ta ƙare ya kamo su. Ba shi yake ɗaukar na ɗaya ba kuma na daina tambaya. In ransa ya ɓaci ko ya tsorata in'inar tana ɗan leƙowa har yanzu, duk sanda na ji ta sai na ji wani abu ya soke ni. Yana rubutu da hagu, rubutu mai kyau wanda ya fi nawa, yana cin abinci da dama, wannan a hankali na koya masa da tuni ba tare da ɗankwali ba.

Yanzu ina da ɗan aji a zauren gidanmu, na fara da yara 5 na maƙota yau su 14 ne da ƙanwarsa a ciki. Ban rubuta Montessori a ƙofa ba don ban yi kwas ɗin ba kuma ba ni da cikakkun kayan, ba zan ci kuɗin mutane da suna ba. Abin da ake samu bai kai rabin albashina na da ba. An cire min yara 4 a shekarar farko, wata uwar tace ta biya kuɗi an mayar mata da ɗa ɗan aiki yana shara da tsintar wake, wani uban yace wata uku babu littafi ko ɗaya da ya cika, ban ji haushinsu ba don na san falon da suke tsoro. Masu cewa sangarta ce ina gayyatarsu su zo su zauna awa ɗaya, akwai doka a ajin, ba ka cutar da kowa, ba ka karɓe aikin da wani yake yi sai ya gama, abin da ka ɗauko ka mayar, ana gaisuwa ana addu'ar shiga da ta cin abinci, sai dai ba a tsare dokar da rula. Yaran da na daka a ajina na da kuwa suna raina, yanzu sun shiga sakandare, biyu na haɗu da iyayensu na roƙa a nema min yafiyarsu, sauran ban san inda suke ba, ina sa su a addu'a.

Sati uku da suka wuce aka kawo min wani yaro ɗan shekara 4 da aka ciro daga wata makarantar, ba ya magana ko kaɗan a aji. Ranar da ya cika kwana biyar ya ɗauki kofin tangaran zai zuba ruwa ya suɓuce ya fashe, kafin na taso ya riga ya juyo ya runtse ido ya miƙo min tafin hannunsa. Na tsuguna na ɗauko 'yar tsintsiyar na sa masa a hannun, na kwashe manyan ɓallin da kaina don kar ya yanke, na nuna masa yadda ake tara sauran. Ya buɗe ido yana kallon tsintsiyar ya daɗe kafin ya fara. Har yau bai yi min magana ba, amma jiya naga ya ja tabarmarsa kusa da ta wata yarinya suna jera murafen kwalba, kuma na ji yana faɗa mata wani abu ƙasa-ƙasa.